Sanarwar da Na Yi Ban Gani Ba

Zafin bana ne ya tono mini wannan magana, shi da wata takarda da ta kwana biyu a aljihuna. Yau kwana huɗu ke nan hadari yana haɗowa ta gabas da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, ya yi rugugi, mata su kwashe shanya su jera bokitai ƙarƙashin indararo, sai iska ta taso ta watsa shi, a koma ana fifita. Haka ya riƙa yi mana a shekarar korona. Takardar kuwa Sunusi ne ya kawo mini, kuma ta shekarar korona ma shi ya kawo.

Sunana Habu. Kayan yaji nake sayarwa a kasuwar Kurmi, citta, kanumfari, masoro, kimba. Amma a lungunmu, nan kusa da Madabo, ba da wannan aka san ni ba. Ni ke riƙe da makullin akwatin lasifikar masallacinmu. Suna, ɗaurin aure, jana'iza, akuyar da ta ɓace, zuwan masu rigakafi, ranar yasar kwata, duk ta bakina suke fita. Kowa yana da rediyo, yara suna da wayoyi masu kawo labari kafin ya faru, amma a lokacin idan aka gaya wa tsohuwa magana a lungun nan, abin da za ta fara tambaya shi ne, "Habu ya faɗa?"

Ba ni na gina wannan yarda ba, gadonta na yi. Malam Ilu, wanda kowa ke kira Baba Ladan, shi ya riƙe lasifikar tun ina yaro. Aminin mahaifina ne, kuma bayan rasuwar mahaifina shi ya tsaya mini a komai. Da ciwon suga ya ci ƙarfinsa, muryarsa ta fara rawa, sai ya kira ni gaban liman ya danƙa mini makullin.

Ya ce, "Habu, ƙa'ida ɗaya ce. Duk abin da za ka faɗa a nan, ka je ka gani tukuna. Rasuwa ce, ka shiga gidan. Suna ne, ka ji daga bakin uban. Mutane ba sa tambayar lasifikar masallaci shaida."

Ya ba ni labarin yadda shi ma ya koya. Yana matashi aka gaya masa wani mahauci ya rasu, ya hau ya yi sanarwa, sai ga mamacin a sahun farko da azahar yana neman wanda ya kashe shi. Muka yi dariya har liman ya riƙe ciki. Shekara shida na yi ina bin ƙa'idar nan ban saɓa ba.

Sai aka kulle gari.

Wanda bai yi azumin wannan shekarar a cikin birni ba, ba zan iya kwatanta masa ba. Kasuwa a rufe, kayana duk suna can, kuma ko suna hannuna wa ya taɓa ƙoshi da citta? 'Yan garuwa da yawa suka koma ƙauyukansu, waɗanda suka rage kuma sai ka roƙe su kamar surukai kafin su sauke maka jarka biyu. Rijiyar gidanmu ta ja baya, guga ya riƙa fitowa da taɓo, matata ta zuba a randa ta jira ya kwanta. Wuta ba a maganarta. Ƙanƙarar da muke shan ruwa da ita kowace shekara ta zama labari. Da rana bangon ɗaki ya ɗau zafi, ka jiƙa zani ka lulluɓa, kafin ka juya ya bushe.

Mai injin niƙa ya rufe, mata suka koma turmi. Da hantsi za ka ji daka ta ko'ina kamar zamanin kakanninmu. Wannan gida suna da gero ba itace, wancan suna da itace ba gero, sai a haɗa ta kan katanga a raba kunun. Ƙosai ya ɓace daga buɗe-baki. Ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka, shi ne sahur, kuma matata takan ce ta riga ta ci nata a kicin. Na san ba ta ci ba, ita ma ta san na sani.

Masallaci ma aka rufe. Ni kaɗai nake shiga, in taka tabarmin da ba wanda ya taka, in kira salla, in ƙara da cewa kowa ya yi a gidansa. Ranar farko da na faɗi haka sai da na kashe lasifikar na share hawaye. Bayan kiran salla kuma sai sanarwar rasuwa. Dattawa ne suka yi ta tafiya, wata rana in kunna sau biyu, wata rana fiye. Kowane gida sai na shiga, da hankici a hanci, na ga makusancin mamaci ido da ido. Matata ta yi faɗa har ta gaji.

"Malam, za ka kwaso mana! Ba za su iya gaya maka ta waya ba?"

Na ce mata ba haka aka ba ni makullin ba.

Ƙaramin asibitin unguwarmu, sha-ka-tafi, tun makon farko aka sa masa kwaɗo. Can Baba Ladan yake zuwa a gwada masa suga, a wanke masa wani miki da ya fito masa a babban yatsan ƙafa. Da aka rufe, sai 'yarsa Rabi, wadda ta dawo gida tun rasuwar mijinta, ta riƙa wanke masa da ruwan ɗumi da gishiri. Allurarsa ta ƙare. Yatsan ya fara baƙi, ɗakin ya fara wani wari da turaren wuta ba ya rufewa. Shi kuwa ko a jikinsa, yana kwance da rediyonsa a ƙirji yana zagin masu karanta labarai.

Wajen tsakiyar azumi aka fara sassauci. Litinin da Alhamis aka ce a fito daga hantsi zuwa la'asar, a yi cefane a koma. Rabi ta yi ta buga waya har ta samu hanya. Wata 'yar'uwar mahaifiyarta ma'aikaciyar jinya ce a wani babban asibiti a wajen ganuwa, kuma ranar Litinin take aikin safe. Ta ce su zo kafin azahar, za ta tsaya a bakin ƙofa ta shigar da su, don a lokacin ana mayar da marasa lafiya daga ƙofa saboda tsoro. Wani maƙwabcinmu direba ya ce zai kai su da ɗan man da ya rage masa. Komai ya tsaru.

Ranar Lahadi bayan la'asar ina kwance a soro, yunwa ta sa ko ƙuda ba na iya kora, sai ga Sunusi. Tare muka yi makarantar allo da shi, keke ɗaya muka koya, shi ne abokin ango a aurena. A lokacin shi ne shugaban kwamitin unguwa, ana ce masa Ciyaman, yana yawo da wayoyi biyu da takunkumi mai kyau a haɓa.

"Mutumina, albishirinka!"

Na ce, "Goro, amma sai an sha ruwa."

Ya miƙo mini takarda. An rubuta cewa gobe Litinin za a sake buɗe sha-ka-tafi, da likita, da gwajin suga da na hawan jini, da magani kyauta, dattawa da masu ciwo su fito tun hantsi.

Na tashi zaune. "Sunusi, da gaske?"

"Haba Habu! Da azumi a bakina? Wallahi yanzu na baro wurin, an yi fenti, kwalayen magani har rufi. Wahalar da na sha kafin a kawo mana wannan, Allah kaɗai ya sani. Tashi ka faɗa kafin magariba, mutane su shirya."

Daga soronmu zuwa asibitin nan tafiyar minti goma ce ta lungu, ba sai an bi titi inda jami'an tsaro suke ba. Na san wannan. Na kalli rana, na ji ƙafafuna, na kalli mutumin da ya riƙe mini riga ranar aurena yana rantsuwa da azumi. Na ɗauki makulli na nufi masallaci. Sau uku na maimaita sanarwar, kuma bayan makonni ina faɗin mutuwa, har wani daɗi na ji a maƙogwaro. Ina fitowa na ji wata mata ta rangaɗa guɗa daga cikin wani gida.

Dab da shan ruwa na kai wa Baba Ladan kunun tsamiya, kamar kullum. Na tarar suna gardama da Rabi. Tana ganina ta juyo.

"Yaya Habu, maganar asibitin nan tabbas ce? Don ni dai gara mu tafi inda aka shirya."

Kafin in buɗe baki Baba ya daka mata tsawa. "Ke, wace irin tambaya ce wannan? Habu ne fa ya faɗa. Ni na ba shi makullin nan da hannuna. Ba ya faɗin abin da bai gani ba. Ga likita a bayan gida, sai in je can a wulaƙanta ni a bakin ƙofa? A gaya wa direba ya adana mansa, yana da iyali."

Ya dube ni yana murmushi. Kalma biyar ce ta rage in faɗa: Baba, ban je ba tukuna. Ban faɗa ba. Na sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauka kunya ce ta ɗan da aka yaba a gabansa. Rabi dai ta daɗe tana kallona kafin ta ɗauki kwanon kunun ta fita.

Da hantsin Litinin ni na goya shi har bakin asibitin, Rabi tana biye da kujera 'yar tsugune. Gaskiya da na hango wurin hankalina ya kwanta. Ga fenti sabo yana ƙamshi, ga ƙyalle an rataya, ga bokitai masu famfo da sabulu. A filin gaba an zana farare-fararen da'ira a ƙasa, kowa ya tsaya a tasa. Tsofaffin unguwa suka cika wurin, har waɗanda na yi wata ban gani ba, wasu da sanda, wasu an riƙo su.

Akwai inuwar wata darbejiya a gefe, can na so in ajiye Baba. Sunusi ya taho da sauri.

"A'a, a'a, kawo shi nan gaba. Baba Ladan ai shi ne fuskar unguwa. Shi za a fara gani."

Ya sa shi a da'irar farko, tsakiyar rana. Na ji daɗi ma, wai an girmama shi.

Ƙofa ba ta buɗe ba. Aka ce ana jiran manyan baƙi. Rana ta hau, ƙasa ta ɗau zafi har ana ji ta cikin takalmi. Duk wanda ya matsa inuwa sai 'yan kwamiti su ce ya dawo da'irarsa, baƙi sun taso. Mutane da azumi, leɓuna sun bushe. Wata tsohuwa ta sulale ta faɗi, aka yayyafa mata ruwan wanke hannu. Rabi ta cire gyalenta na sama ta riƙe a kan mahaifinta. Sau biyu ta ce, "Baba, mu tafi, har yanzu da sauran lokaci." Sau biyu ya ce mata ta yi haƙuri.

Ni na bar su na je na kira azahar na dawo. Ina dawowa motoci suka iso, da masu kyamara. Nan da nan wuri ya rikice. Aka buɗe ƙofa, aka fito da kwalaye aka jera a baranda. Wani mai farar riga ya ɗora wa Baba na'urar auna zafi a goshi, aka ɗauki hoto. Wani babban mutum ya miƙa masa leda, aka ce su riƙe tare su kalli nan, aka ɗauka. Sunusi ya jawo ni gaban wani mai makirfo.

"Ga mai sanarwar unguwa, shi ne bakin jama'a."

Na yi godiya. Wallahi na yi godiya da zuciya ɗaya, na ce yau an share mana hawaye, Allah ya saka da alheri.

Ko rabin awa ba su yi ba. Babban mutumin ya shiga mota, sai na ga ana mayar da kwalayen cikin wata a-kori-kura. Na ɗauka wani wurin za a gyara musu, har na kai hannu in taimaka. Na sunkuya na tattara ƙarfi na ɗaga guda, sai ya tashi sama kamar faifai. Babu komai a ciki. Na taɓa na biyu, haka. Na bi mai farar rigar nan na riƙe hannunsa, na ce ga dattijo can ƙafarsa na ruɓewa.

Ya ƙi haɗa ido da ni. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Ni aro ni aka yi daga wani wuri na awa ɗaya. Ko auduga ban zo da ita ba. Ku kai shi babban asibiti, yau ɗin nan."

Har bokitan wanke hannun suka kwashe. Aka mayar da kwaɗo. Rabi ta buɗe ledar da aka ba Baba: sabulu ɗaya, takunkumi ɗaya, da katin maganin ciwon kai.

Na nemi Sunusi, an ce ya bi ayarin. Na ruga gidan direba, ya fita neman abin da zai kai wa iyalinsa tun da aka ce masa an fasa. Rabi ta kira 'yar'uwarsu, ta ce ta jira har ta gaji, ta tashi daga aiki, wanda ya karɓe ta kuma ba zai saurare su ba. Kafin mu samu wani abin hawa la'asar ta yi, an tare titi. Na goyo Baba muka dawo. Jikinsa a bayana zafi rau har gida.

Muna shan ruwa a ɗakinsa, rediyon nan nasa ya kawo labarin. An sake buɗe asibitin unguwa kaza, jama'a sun amfana. Sai ga muryata, tangaran, ina cewa an share mana hawaye. Rabi ta miƙa hannu ta kashe.

Talata ba fita. Lambar da ake ta faɗa a rediyo mu kira, na kira har cajina ya mutu, tana shiga ba a ɗauka. Wayoyin Sunusi duka biyu a kashe. Da la'asar aka yi ɗan yayyafi, na farko a shekarar, ƙasa ta yi ƙamshi na minti kaɗan sannan ta huro wani zafi mai danshi da ya fi na da. Baba ya farfaɗo daga zazzaɓi ya ganni a gefensa, ya kama hannuna.

Ya ce, "Kada ka sa a ranka. Ka ga mutanen yanzu ko? Sun nuna maka likita da magani ranar Lahadi, sun kwashe ranar Litinin. Kai dai ka ga abin da ka gani."

Nan ma ban faɗa masa ba. Na ce a raina bari ya samu sauƙi tukuna, Alhamis saura kwana biyu.

Da hantsin Laraba Rabi ta aiko a kira ni. Tun daga soro na ji kukan mata. Na tsaya nan, ban shiga ba. Rabi ta fito, idonta a bushe, ba kuka ba zagi. Na ce mata Allah ya jiƙansa, bari in je in sanar, ƙarfe nawa za a yi jana'iza?

Ta ɗaga labulen ɗakin ta riƙe.

"Shigo ka gani da idonka, Yaya Habu, kafin ka faɗa."

Na shiga. Na gani. Sannan na je na buɗe akwatin da makullin da ya ba ni, na sanar da rasuwar Malam Ilu, Baba Ladan, a lasifikarsa.

Sunusi ya zo gaisuwa ranar uku, da sabon yadi. Ya zauna kusa da ni a tabarma ya ce kwana ne ya ƙare, ba mai tsallake ranarsa. Na ce na san da haka, amma kwalayen fa? Ya rage murya.

"Habu, kai ba ka san yadda ake aiki da mutanen nan ba. Sai an nuna musu jama'a a hoto sannan su saki kaya. Da na gaya maka gaskiya, za ka faɗa? Da wa zai fito?"

Wato ya sani. Tun yana rantsuwa a soronmu ya sani, kuma ya zaɓe ni ne don ya san idan ni na faɗa tsofaffi za su fito. Ban taɓa jin an ci amanata irin wannan ba, kuma har gobe ban yafe ba, ban ɓoye wa kowa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ni da bakin zaginsa sosai, don tafiyar minti goma ce.

Gari ya buɗe daga baya, kasuwa ta dawo, masallaci ya cika, aka daina sa takunkumi. Asibitin ya riƙa buɗewa yana rufewa. Makullin yana hannuna, na kai wa liman sau biyu ya ƙi karɓa. Sai dai yanzu idan na yi sanarwa, nakan ji mata ta kan katanga suna cewa a kira wance a tabbatar. Rabi tana gaishe ni, tana aiko mana da abincin salla, ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya.

Shekaranjiya Sunusi ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya yi ƙiba, yanzu mota yake hawa. Ya ba ni takarda: ranar Asabar za a ƙaddamar da gyararren asibiti, da likita, da magani kyauta, dattawa su fito da wuri. Ya ce abin da ya wuce ya wuce, wannan karon na gaske ne.

Jiya da rana tsaka na taka na je. An yi sabon fenti. Na leƙa ta taga, ba gado, ba kujera, sai kashin awaki da tsani. A filin gaba, idan ka lura sosai, farare-fararen da'irar nan ba su gama gogewa ba. Na sami ta farko na tsaya a cikinta har gumi ya jiƙa mini riga.

Yau bayan azahar ya dawo yana murmushi.

"Mutumina, ban ji ka ba har yanzu."

Na ce, "Na je na gani."

"To madalla! Sai ka hau ka faɗa."

Na ciro makullin na nuna masa. Na ce, "Yanzu kuwa. Wanne zan faɗa, na takardar ko wanda na gani?"

Sai ya miƙo hannu ya karɓi takardarsa, ya ninke, ya sa a aljihu.